Aradu da Manyan Bishiyoyi: Ɓarnar da Ba a Gani Sai an Kai Gaban Zarto

Kowa ya san kamannin bishiyar da aradu ta faɗa wa, ko kuma dai kowa yana tsammanin ya sani: ɓawo a saɓule tun daga sama har ƙasa, reshe a tsage, ciki ya yi baƙi, guntayen itace warwatse cikin gona. Irin wannan ce ake zuwa kallo washegari, ita ake ɗauka a waya. Amma masu binciken daji da suka bi sawun aradu bishiya bayan bishiya sun gano cewa a dazuzzukan ƙasashe masu zafi, yawancin waɗanda take kashewa ba sa nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Suna nan tsaye da ganyensu kore shar. Sai an yi makonni ko watanni rassan sama su soma bushewa, a ce fari ne, ko tsufa, ko wata cuta.

Inda aka fi tabbatar da haka shi ne tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama. Asalinsa kan tudu ne. Da aka datse kogin Chagres domin aikin mashigin ruwan Panama, ruwa ya cike kwaruruka ya zama tafkin Gatun, tudun ya koma tsibiri. Tun 1923 aka keɓe shi domin bincike, kuma cibiyar Smithsonian ce ke kula da shi. A nan ne Steve Yanoviak na Jami'ar Louisville da Evan Gora, wanda yanzu yake cibiyar Cary a jihar New York, suka kafa kyamarori a kan dogayen hasumiyoyi, da na'urorin da ke jin motsin lantarki a cikin iska. Aradu na sauka, na'urorin za su nuna wurin, mutane su kutsa daji su nemo shi, sa'an nan su riƙa komawa wata bayan wata suna duba kowace bishiya da ke kewaye.

Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya sa masana daji sake lissafi. Saukar aradu sau ɗaya takan raunata bishiyoyi fiye da 20, ta kashe uku ko huɗu cikin shekara guda. A cikin manyan bishiyoyi kuwa, waɗanda faɗin jikinsu ya wuce santimita 60, kusan kashi 40 cikin 100 na mace-macensu aikin aradu ne. A 2020 ɗin dai suka ƙiyasta cewa tana taɓa bishiyoyi kimanin miliyan 832 duk shekara a ƙasashe masu zafi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu su mutu. A 2025 wasu masana na Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus suka fito da nasu lissafin na duniya baki ɗaya: bishiyoyi miliyan 320 a shekara, ban da waɗanda gobarar aradu ke cinyewa.

Mai sana'ar katako ya kamata ya tsaya a kan zancen santimita 60 ɗin nan. Bishiyar da ya yi shekaru yana sa wa ido, doguwa, miƙaƙƙiya, mai kauri, ita ce dai aradu ta fi nema.

Cikin ƙiftawar ido

Ƙarfin lantarkin da ke cikin saukar aradu yakan kai amfiya 30,000. Fis ɗin da ke cikin filogin gida amfiya 13 yake ɗauka. Iskar da ke kan hanyar aradu tana yin zafin da ya kusa digiri 30,000, ninki biyar na zafin fuskar rana, kuma buɗewar wannan iska farat ɗaya ita ce ƙarar da ke girgiza ɗaki.

Busasshen itace ba ya ɗaukar lantarki sosai. Ruwa yana ɗauka, balle ruwan jikin bishiya mai ɗauke da gishiri iri-iri. Don haka aradu danshi take bi, kuma inda danshin yake a wannan lokacin shi ke yanke hukuncin abin da zai sami bishiyar. In an daɗe ana zuba ruwa, ɓawo ya jiƙe sharkaf, lantarkin na iya bin baya ya zarce ƙasa, ya bar 'yar ƙuna kawai. In kuwa farkon hadari ne, ɓawo a bushe, sai ya shiga ƙarƙashi, ya bi siririyar fatar nan mai laima da ke tsakanin ɓawo da itace. Wannan fata ita ce mai rai, ita ke ƙara wa bishiya kauri kowace shekara. Ruwan cikinta yana komawa tururi nan take, shi kuwa ruwa in ya zama tururi wurin da yake nema ya ninka kusan sau 1,700. Tukunya ce aka liƙe bakinta aka bar ta a kan wuta. Ɓawo ya yi tsalle, wani lokaci ya faɗa can nesa, a bar doguwar tsaga a jikin bishiyar. Tsagar takan murɗe tana zagaya jiki, domin yadda zaren itacen ya kwanta take bi.

Mafi muni shi ne idan danshin yana can tsakiya, kamar bishiyar da ta soma ruɓewa ta ciki ko mai kogon da ruwa ya taru. Wannan ita ce ke fashewa gaba ɗaya.

Sai kuma abin da ido ba ya kaiwa. Lantarkin da ya isa gindi yana bazuwa cikin saiwoyi ya dafa su. Bishiya na iya tsira da ɓawonta lafiya lau, alhali rabin saiwarta ta mutu. A daji mai duhu, inda rassa ke haɗe da juna, lantarkin yana tsallakawa daga kan wannan zuwa kan waccan, tsire-tsire masu yaɗo da suka nannaɗe bishiyoyi kuma su zama masa hanya. Shi ya sa a Panama ake samun mutuwar gungu ba tare da tabo ba: ƙarfin ya rarrabu, bai isa ya fasa kowace ɗaya ba, amma ya isa ya kashe naman cikinsu. Masu gonakin roba a Malesiya da masu kwakwa a Indiya da Sri Lanka sun daɗe da sanin wannan mutuwar da'ira, ɗaya a tsakiya ta fara, na kewaye su bi ta a hankali.

Rashin tabon nan ya taɓa yaudarar Turawa. Ƙididdigar da aka yi a dazuzzukan Lippe na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 ta nuna aradu ta fi faɗa wa bishiyar ok mai kaushin ɓawo nesa ba kusa ba, a kan wata mai santsin ɓawo da ta fi yawa a dajin. Mutane suka ɗauka mai santsin mafaka ce. Alhali tabo aka ƙirga, ita kuwa mai santsin jiki ruwa na lulluɓe ta da wuri, lantarkin ya bi baya ya wuce bai bar shaida ba. Wanda ya fake a gindinta bai tsira ba.

Wadda ta fi tsawo, wadda ke tsaye ita kaɗai

Ba a raba aradu daidai a duniya ba. Bayanan tauraron ɗan'adam na hukumar NASA da aka wallafa a 2016 sun sa tafkin Maracaibo na Venezuela a kan gaba, da walƙiya kimanin 233 a kowace murabba'in kilomita a shekara. Na biyu shi ne Kabare a gabashin Kwango. Cikin wurare goma na farko, shida a Afirka suke: biyar a Kwango, ɗaya kuma Nguti ne, a kudu maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakar Najeriya. Wato dazuzzukan da iroko da sauran manyan itatuwan katako ke fitowa suna cikin wuraren da suka fi walƙiya a duniya.

Mu a nan arewa ba mu da irin wannan duhuwar daji, amma yanayin gonakinmu ma gayyata ce. Fili shimfiɗe, gero bai wuce gwiwa ba a farkon damina, sai ga gawo can, ɗorawa can, kaɗanya ko tsamiya can, kowace ita kaɗai, babu abin da ya kai ta tsawo a kewaye. Hadarin da ke tasowa daga gabas a farkon damina da ƙarshenta, da iska da ƙura a gaba, shi ne mai yawan tsawa, kuma sau da yawa yakan soma walƙiya tun ruwa bai sauko ya jiƙa ɓawo ba.

Giginya ce abin tausayi a nan. Tana iya haura mita 20, kuma ita da danginta, goruba da dabino da kwakwa, ba su da fatar nan ta ƙarƙashin ɓawo da sauran bishiyoyi ke rufe rauni da ita. Raunin da suka samu ya zauna ke nan. Giginya kuma da ido ɗaya take girma, can a ƙoli inda sababbin ganye ke fitowa, daidai wurin da aradu ke fara taɓawa. Idon nan na mutuwa, zance ya ƙare. Cikin kwanaki kaɗan ganye zai karye ya rataya, wani baƙin ruwa ya riƙa tsatsafowa daga jiki. Wanda ya san shekarun da giginya ke ɗauka kafin ta isa a tsaga ta a fitar da azara, ko ya ga yadda ake tattalin dajin giginyar Dallol Mawri a yankin Gaya, ya san ba ƙaramar asara ba ce. Kuka kuwa, da yake jikinta ruwa ne da laushi, kuma tana iya mayar da ɓawon da aka saɓule mata, lissafinta daban ne, ba a kuma neman katako a wurinta tun asali.

Dole a faɗi wani abu game da mutane, ko da a taƙaice. Kaɗan ne daga cikin waɗanda aradu ke kashewa take faɗa wa kai tsaye. Yawanci ko dai ta tsallako daga jikin bishiya zuwa jikin wanda ya fake, ko kuma lantarkin da ya bazu a ƙasa ya shiga ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗaya. Dabbobi sun fi shan wannan saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya. Haka aka rasa shanu 36 lokaci guda a Ijare ta jihar Ondo a watan Satumba na 2019, da barewar ƙanƙara 323 a tsaunukan Norway a 2016. Manomi da makiyayi in ruwa ya kece gindin bishiya suke nufa, nan ne kuwa wuri mafi hatsari a duk faɗin gonar. Wanda aradu ta buga ba ya riƙe lantarki a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take, kuma danna ƙirji da hura numfashi sun ceci da yawa.

A gaban zarto

To, bishiya ta mutu ko tana kan hanya. Katakonta fa?

Farko dai lantarki ba ya zama cikin itace, kuma ba ya sauya masa asali. Ɓangaren da ya tsira lafiya katako ne kamar kowane katako, yana karɓar ƙusa, yana shan fenti, yana ci a murhu. Matsalar ita ce gane ɓangaren da ya tsira ɗin.

Tsagar da ake gani a waje takan yi zurfi fiye da yadda ake zato. Bugun yana iya tsaga gungume daga baya zuwa tsakiya, yana kuma iya raba zoben shekara ɗaya da na kusa da shi, ya zama akwai ɓoyayyen rami mai zagaye a cikin itacen. Ɗanyen itace yana rufe irin waɗannan tsagogi saboda ruwan da ke cikinsa. Sai an yanka, an jera, katako ya soma bushewa yana tsukewa, sa'an nan bakinsu ya buɗe. Mai saye a Na'ibawa ta Kano ko kasuwar Katako ta Yamai zai iya ɗaukar falanki sumul, ya kai shago, bayan sati uku ya tarar ya rabe biyu. Ba zai taɓa sanin dalili ba, domin gungumen ya bi hannu huɗu ko biyar kafin ya iso gare shi, kuma babu wanda ya rubuta masa tarihinsa.

Shi kansa mai yanka yana cikin hatsari. Itacen da ya tsage ta ciki ba ya faɗuwa yadda aka tsara masa. Yana iya rabewa a tsaye tun injin bai gama ratsa shi ba, ko ya matse bakin zarto, ko wani reshe da ya karye ya maƙale a sama ya sauko.

Duk da haka, ni a ganina bugun kansa ba shi ne babban mai ɓata katako ba. Makonnin da ke biyo baya su ne. Bishiya mai lafiya tana da abin kare kanta: ɓawo a rufe, ƙaro ko wani ruwa mai ɗaci da ke toshe duk ramin da ƙwaro ya haƙa. Aradu tana buɗe ƙofa, ta kuma kashe mai gadi. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda ake noman bishiyar fayin domin katako da takarda, ma'aikatan daji sun daɗe da sanin cewa bishiyar da aradu ta taɓa ƙaronta yana raguwa, ƙamshin da raunin ke fitarwa kuma yana kiran wani ƙaramin ƙwaro mai haƙa ƙarƙashin ɓawo. Cikin kwanaki zai cika ta, ya hayayyafa, daga nan ya afka wa lafiyayyun da ke kusa. Annobar ƙwaro da yawa a can daga bishiya ɗaya da aradu ta buga suke tashi. Ƙwaron kuma yana tafe da wata funfuna da ke rina farin itace ya koma shuɗi-shuɗi. Rinin ba ya rage ƙarfin katako sosai, amma yana karya farashinsa. A Panama ma an ga yadda ƙwari masu huda itace ke fin yawa a jikin bishiyoyin da aradu ta raunata.

A ƙasa mai zafi irin tamu abin ya fi sauri. Fararen itatuwa masu laushi irin su obece da melina ba sa jimawa kafin ƙwaro ya huda su, funfuna ta rina su, balle da damina. Daga ƙasa kuma gara na jiran saiwar da ta mutu. Masu tauri irin su kirya da madaci da kawo suna iya daɗewa, domin jan itacen tsakiyarsu yana da abin da ƙwaro ba ya so, amma farin da ke bayan ɓawo shi ma tafiya yake yi.

Wadda ta tsira kuwa ba ta mantawa. Bishiya ba ta gyara naman da ya mutu, rufe shi take yi da sabo. Bayan shekara 20 ba za a ga komai a waje ba sai wani ɗan kumburi dogo, amma a ciki akwai ɓawon da aka binne, da aljihun ƙaro, da layin ruɓa da ya bi tsohuwar tsagar. Mai injin yanka yana ganin wannan in gungume ya hau tebur, lokacin kuɗi sun riga sun fita.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa aradu ba nata ba. 'Yan katakon Turai da ke sayen madacin kurmin Afirka sun daɗe suna kuka da wata siririyar karaya da ke gitta zaren itace, wadda ba a gani sai an goge katako, suna danganta ta da tsawa. Bincike ya nuna iska ce mai lanƙwasa bishiya fiye da kima, ko mummunar faɗuwa lokacin sara, ke jawo ta. Karayar aradu tsawon itace take bi, ba ta gitta shi.

Nan ne ra'ayin mai gona da na mai katako ke rabuwa, kuma kowa da gaskiyarsa. Masu kula da lafiyar bishiya suna cewa kada a yi gaggawa: a cire rassan da ke barazanar faɗowa, a ba ta ruwa in da hali, a jira a ga ko za ta sake toho, domin da yawa suna farfaɗowa. Mai katako kuwa ya san kowane mako na jira ƙwaro ne ke cin ribarsa. Abin da zai raba gardamar shi ne amfanin bishiyar. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro darajarsu a 'ya'yansu take, shekara da shekaru, don haka haƙuri ya fi, a ba su damina guda. Turare ko melina ko tik da aka shuka domin a sare tun asali, jira ba shi da amfani, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji a sare da wuri, a ɓare ɓawon, a ɗaga gungumen daga ƙasa.

In an sare, sai a duba bakin gungumen da kyau, a ƙwanƙwasa jikinsa da guduma a saurari inda sautin ya mutu, a yanke ɓangaren da ke da tsaga har sai an kai ga lafiyayyen itace, a kuma bar katakon ya bushe sosai kafin a yanke masa hukunci. Ko bayan haka ni dai ba zan sa shi inda zai ɗauki nauyi a kan mutane ba. Benci, ƙyaure, kujerar tsugunno, allon shago, duk babu laifi. Rufin ɗaki da tsani da ƙotar gatari, a nemo wani.

Idan wuta ta kama

Ba kowace aradu ke tayar da gobara ba. Yawancinta gajeruwa ce ƙwarai, tana fasawa ba ta kunnawa. Mai kunna wuta ita ce wadda lantarkinta ke ci gaba da kwarara na ɗan lokaci bayan bugun farko. In irin wannan ta haɗu da hadarin da ruwansa ke bushewa a sama kafin ya iso ƙasa, to an shiga uku. Wutar ma takan ɓuya a kogon bishiya ko cikin ruɓaɓɓen ganye tana ci a hankali kwana da kwanaki, sai iska ta tashi ta bayyana, lokacin kowa ya manta da hadarin.

A nan ne asarar katako ke tashi daga gungume ta koma ƙasa guda. A 2023 gobarar daji ta cinye hekta kusan miliyan 15 a Kanada, fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan fili kuma wutar aradu ce ta ci shi, domin a can nesa take tashi inda babu hanya babu mai kashewa. A watan Agusta na 2020 aradu ta sauka fiye da sau 10,000 cikin 'yan kwanaki a Kaliforniya, ta tayar da ɗaruruwan gobara. Wasu daga cikinsu suka haɗe suka ci fiye da eka miliyan ɗaya, wata ta ratsa kusan dukan gandun Big Basin mai bishiyoyin da suka haura shekara dubu, ko da yake yawancin tsofaffin sun sake toho. Gobarar dutsen Gospers a Ostireliya, wadda ta ci fiye da hekta 500,000, daga saukar aradu ta fara a watan Oktoba na 2019. Itacen da ya ƙone a tsaye ana iya ceto katakonsa, amma shi ma tsere ne da ƙwaro da ruɓa, bayan shekara ɗaya ko biyu sai dai itacen wuta.

Kada mu ara wannan mu yafa. Gobarar dajin da muke gani da rani, lokacin da babu ko gajimare a sama, ba ta aradu ba ce. Hannun mutum ne: mafarauci, mai sharar gona, mai neman sabuwar ciyawa, mai jefar da guntun taba.

Gatarin aradu da magaryar Sin

Babu al'ummar da ta ɗauki itacen da aradu ta taɓa a matsayin itace kawai. Rumawan dā sukan kewaye wurin da ta sauka da katanga, su yanka tunkiya, su hana takawa. A ƙasar Hausa akwai gatarin aradu, ɗan dutsen nan mai santsi da kaifi da akan tsinta a gona, a ce shi ne ya faɗo ya tsaga bishiya. Yarabawa suna ajiye irinsa a wurin bautar Sango, manoman Turai ma sun yi ƙarnoni suna ɓoye shi a rufin gida. Masu binciken tarihin ƙasa sun nuna gatura ne na gaske, amma mutanen zamanin dutse ne suka wasa su, ruwan sama mai ƙarfi kuma shi ke wanke ƙasa ya fito da su, shi ya sa ake yawan tsintarsu bayan hadari. Rantsuwa da aradu da kwarankwatsa kuwa har gobe tana bakin mutane, duk da malamai suna hani da rantsuwa da wanin Allah.

Sin da Koriya ne suka mayar da abin kasuwa. A can itacen wata 'yar'uwar magarya da aradu ta buga yana da tsada ƙwarai. Ana sassaƙa hatimi da shi, da carbi, da layu, a bisa imanin cewa yana korar mugun abu. Buƙata ta fi abin da sama ke bayarwa, har aka sami masu ƙona itace da lantarki su sayar da sunan na aradu. Itacen da kafinta a nan zai ƙi karɓa kyauta, a can ana yin jabunsa.

Bishiyar da ke cin riba

A watan Maris na 2025 Gora da abokan aikinsa suka fito da wani abu da ba a zata ba. Cikin bishiyoyi 93 da aradu ta faɗa wa kai tsaye a yankin Barro Colorado, tara wani iri ne da mutanen wurin ke kira almendro, doguwa mai faɗin kai, mai itace mai tsananin tauri. Duk taran sun rayu, ɗan ganye kawai suka zubar. Sauran nau'o'in kuwa kashi 64 cikin 100 sun mutu cikin shekara biyu. Abin bai tsaya nan ba. Kowane bugu yana kashe maƙwabta kusan tara da ke gasa da ita wajen hasken rana, ya kuma rage mata masu yaɗon da suka shaƙe ta da kusan kashi 78 cikin 100. Lissafinsu ya nuna babbar almendro tana shan bugu kusan sau ɗaya a duk shekara 56, tana kuma rayuwa ɗaruruwan shekaru, kuma wannan juriya tana ninka yawan irin da za ta zubar a rayuwarta har sau 14. Ana ganin jikinta yana wuce da lantarki cikin sauƙi, bai cika yin zafin da zai dafa ta ba.

Darasin ga mai shuka daji shi ne nau'in bishiya yana da tasiri, ba tsawo kaɗai ba. Zancen zai ƙara nauyi in tsawa ta ƙaru. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2014 ya yi hasashen ƙarin kashi 12 cikin 100 na saukar aradu a Amurka a kan kowane digiri ɗaya na ɗumamar duniya, wani kuma a 2018 ya ce raguwa za a gani, musamman a ƙasashe masu zafi. Masana ba su daidaita ba. Amma game da Sahel akwai abin da aka riga aka auna: Christopher Taylor da abokansa sun nuna a mujallar Nature a 2017 cewa manyan haduran yankin mafiya tsanani sun ninka sau uku tun daga 1982.

Ana iya kare bishiya guda, in ta cancanta. Dabarar Benjamin Franklin ce ta ƙarni na 18 aka ɗora wa itace: a ja wayar jan ƙarfe mai kauri daga ƙoli, ta bi jiki ta sauko, a binne ta a kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa nesa da gindi. A Amurka ana yi wa tsofaffin bishiyoyin gidajen tarihi da na filayen wasan golf. Sai an riƙa dubawa duk 'yan shekaru, domin bishiya tana girma ta wuce kan wayar ko ta haɗiye ta, kuma bishiyar take karewa, ba wanda ya zauna a inuwarta ba. Tsofaffin rimayen Zariya da irin tsamiyar da gari ke cin kasuwa a gindinta sun cancanci wannan. Sai dai a inda ake kwance wayar taransifoma da tsakar dare, jan ƙarfe mita 30 a jikin bishiyar bakin hanya ba zai ga damina ta biyu ba. In za a gwada, sai a fara da waɗanda ke cikin katangar fada ko harabar makaranta mai maigadi.